Dunƙulalliyar Lambar Mai Bene

"Kujera ɗaya da tebur," in ji Farfesa, yana lanƙwasa yatsu. "Fanka kuma ta riƙa waiwayowa wajena. Sannan a rubuta a jikin ƙofa cewa akwai masanin lambobi a ciki."

"Shi ke nan?"

"Da manyan baƙaƙe za a rubuta."

Dillali ya yi maza ya miƙa masa hannu, kada tsohon ya farga ya ƙara wani abu. Ya daɗe yana saye da sayarwa, amma bai taɓa ganin mutumin da ake saye da iskar fanka ba sai ranar.

Shi Dillali layukan waya yake sayarwa, da caja, da gilashin fuskar waya, a wani ɗan shago da ke gindin matattakalar wani bene mai hawa uku. Farfesa kuwa ba farfesan komai ba ne. Tsohon malamin lissafi ne na sakandare, wanda ya yi ritaya ya rasa mai sauraronsa. Matarsa ta gaji, 'ya'yansa in sun ji takunsa sai kowa ya tuna yana da aike. Mutanen bene ne suka laƙa masa sunan don shaƙiyanci, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi guda ɗaya ne: ya tace kwalin sababbin layukan Dillali, ya zaƙulo lambar da ba ta rabuwa.

Dalilin kuwa shi ne shagon. Mai Bene ya aiko wa Dillali cewa in shekara ta ƙare ya kwashe komatsansa, wani mai kemis zai shiga. In yana so, akwai wani lungu a baya, tsakanin banɗaki da janareta. Dillali ya san lungun. Mutum uku ya gani sun shiga da jari sun fito da tari. Shagon gindin matattakala kuwa, duk mai hawa da mai sauka sai ya gifta ta gabansa, kuma a duniyar nan babu wanda cajarsa ba ta mutuwa. In aka raba shi da wannan ƙofa, an raba shi da tukunyar gidansa.

Roƙo ba ya cin Mai Bene. Mutum ne mai tumbi da ƙananan idanu, wanda in ya ba ka hannu kuka gaisa sai ka duba ko yatsunka sun cika. Benen ma ba nasa ba ne shi kaɗai. Na mahaifinsu ne, su huɗu ya bari, shi ne babba, ya ce zai riƙe wa ƙannensa amana kafin hankali ya kwanta. Har ƙaraminsu ya yi furfura a gemu hankali bai kwanta ba. Amma kowane gauta ja ne in ya sha rana, kuma Dillali ya san inda ranar Mai Bene take: son a ce yana da abin da babu mai irinsa. Takalminsa na musamman, agogonsa na musamman, har ciwon ƙafarsa cewa yake likita bai taɓa ganin irinsa ba.

Wata rana da hantsi Dillali yana zaune, sai ya ji Farfesa ya ritsa mai gadi yana masa lacca, wai akwai lambobin da duk duniya babu abin da zai raba su daidai, sai ɗaya, sai su kansu. A daidai lokacin muryar Mai Bene ta sauko daga tagar ofis, yana daka wa wani ƙanensa tsawa a waya: "Ba za a raba ba! Na ce ba za a raba ba!" Dillali ya dubi sama, ya dubi Farfesa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Farfesa ya kama aiki kamar an naɗa shi minista. Ya kinkimo wata tsohuwar kwamfuta mai nishi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri, ya juye kwalin a tebur, ya gyara tabarau.

"Duba nan, ɗana, ka ƙaru. Sifilin farko ba komai ba ne, mu jefar da shi, saura alƙaluma goma. Duk wadda ta ƙare da biyu, ko huɗu, ko shida, ko takwas, ko sifili, biyu ta raba ta. Waje! Wadda ta ƙare da biyar, biyar ta cinye ta. Waje! Sauran sai ka tara alƙalumansu. In jimlar ta rabu da uku, ita ma uwar lambar ta rabu da uku."

"Baba, ni ba jarrabawa zan zauna ba."

"Shi ya sa kake sayar da caja."

Dillali ya haɗiye. Mai nema a rijiya ba ya zagin guga. Ya ci gaba da goge gilashin kantarsa, tsohon yana ta jefa katunan layi gefe yana musu faɗa kamar ɗaliban da suka makara. Waɗanda suka tsallake sai ya shigar da su kwamfuta, ita kuma ta yi ta gwada su da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku, har zuwa wajen dubu ɗari. Ya ce in lamba mai alƙaluma goma ta kai nan ba a samu mai raba ta ba, to an gama, ko an wuce gaba wahalar banza ce. Masu sayen caja kan tsaya su yi kallo, shi kuwa sai ya ƙara ɗaga murya.

Da ya gama, ya jera wa Dillali katuna goma sha wani abu.

"Mene ne waɗannan?"

"Dukkansu ba sa rabuwa. Ai ba wuya gare su ba. A lambobi masu wannan tsawo, kusan ɗaya cikin ashirin da 'yan kai haka take."

Dillali ya leƙa waje ya tabbatar babu kowa. Ya zaɓi guda mai daɗin faɗa a baki, ya watsa sauran a ƙasan durowa ya murɗa makulli.

"Baba, guda ɗaya ka samu."

"A'a, goma sha..."

"Guda ɗaya. In ka sake faɗin wancan lissafin a benen nan, fanka za ta manta da kai."

Ya sa katin a wani ɗan akwatin agogo mai auduga, ya hau sama. Ofishin Mai Bene cike yake da kujerun da ba a cire wa leda ba, da hotonsa shi kaɗai a bango, girman ƙofa. Dillali ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, wani abu ne ya faɗo hannuna, na ce in na sayar wa wani ban nuna maka ba na ci amanar gishirinka."

"In maganar shago ce, na gama."

"Wane shago, yallaɓai? Lamba ce. Dunƙulalliya. Ka kawo duk kalkuletar da ke ƙasar nan, ka raba ta gida biyu, ta ƙi. Gida uku, ta ƙi. Gida huɗu..." ya ɗan dakata nan, "...ta ƙi. Allah ya yi ta a dunƙule, babu mahalukin da ya isa ya raba ta."

Ƙananan idanun suka buɗe. Mai Bene ya jawo kalkuletar teburinsa ya fara dannawa da yatsa ɗaya. Biyu, ga ɗigo da ɓarɓashi. Uku, haka. Huɗu ya gwada har sau uku, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji.

"Wa ke da irinta?"

"A saninmu babu. Ina da masani a shago, shi ya yi binciken."

"Nawa?"

"Haba yallaɓai. Ɗa yana sayar wa uba?"

Mai Bene ya soke akwatin a aljihu. "To, madalla. Maganar shago kuma, za mu gani."

Za mu gani. Dillali ya sauko yana tsaki a zuci. Ya ba da kaza, an ba shi gashin fiffike. Amma bai damu sosai ba, ya san ƙugiya ta shiga.

Ta shiga kuwa. Mai Bene ya sa aka kankare tsohon allon gaban bene aka rubuta lambar da jan fenti, kowane alƙalami tsawon mutum. Ya buga sababbin katuna. Duk wanda ya zo ofis, ko kuɗin haya ya kawo ko gaisuwar rashin lafiya, sai an miƙa masa kalkuleta. Hakan bai ishe shi ba, sai ya kira walima: 'yan haya, abokan kasuwanci, da ƙannensa uku, don su ma su gani da idonsu. Aka jera lemo da biskit, kwalba ɗaya mutum biyu.

Ƙannen nan biyu na tsakiya suka zauna a gefe kamar kajin da ruwa ya doka. Auta ne ya shigo a makare, yana warin man dizal. Direban tirela ne, rabin rayuwarsa a ƙasashen maƙwabta yake yi, kuma shi kaɗai ne a gidan ba ya sunkuyar da kai in babban yana magana.

"Auta, zo ka gwada," in ji Mai Bene. "Ka raba ta yadda kake so. In ta rabu, ka zo mu yi magana."

Aka yi dariya irin ta masu bin bashin alfarma.

"Yaya, bar kalkuletarka, wayata ma tana da ita." Auta ya lalubo lambar yayan a wayarsa, ya kwafa, ya fara dannawa. Biyu, ta ƙi. Uku, ta ƙi. Biyar, shida. Sai ya tsaya. Ya sake dannawa. Ya ɗaga wayar sama.

"Bakwai, Yaya. Tas. Ko ɓarɓashi babu."

Ofis ya yi tsit, har ana jin lemo yana tsuwa a kwalba.

"Bakwai ma ta wadatar," in ji Auta. "Mu huɗu ne. Kowa ya ɗauki kashi ɗaya, ragowar ukun mu yi wa Baba sadaka."

Dillali ya hango lungun janareta ƙuru-ƙuru. Farfesa ya fizge wayar, ya kai ta kusa da hanci.

"Wannan ba ita ba ce! Ka sa mata lambar ƙasa a gaba. Sifili a gaba ba ya ƙara komai, amma alƙaluma uku a gaba? Ai wata lamba ce daban, ba uwa ba uba!"

"Ni da nake kira daga waje, ya zan yi in ban sa ba?" in ji Auta. "Amma tunda ka ce wata ce daban, bari mu ji mai ita."

Ya danna kira. Aljihun Mai Bene ya ɗauki kuka.

Wannan karon dariyar ta gaske ce, har wani ya ƙware da biskit. Fuskar Mai Bene ta kumbura, idanunsa suka fara neman Dillali. Shi kuwa Dillali, in kiɗa ya sauya ya san rawa ma sai ta sauya. Ya matso tsakiyar ɗaki yana tafa hannu a hankali.

"Allahu akbar! Yallaɓai, yau na ƙara yarda lambar nan taka ce. Ina tambaya, jama'a: benen nan a ina yake? A cikin ƙasa ko a waje?"

"A ciki," in ji wani.

"To! A cikin gida dunƙule take, babu mai taɓa ta. Sai an tsallaka iyaka take rabuwa. Saboda haka duk mai son kasonsa, ga hanya: ya ɗora benen a tirela ya tsallaka da shi, can sai a raba."

Ɗaki ya kece. Mai Bene ya yi dariya har tumbinsa yana dukan tebur, yana nuna Auta da yatsa, ya ma sa aka buɗe wa Dillali lemo kwalba guda shi kaɗai. Dillali ya kurɓa, ya ji shagonsa ya dawo hannunsa.

Da a nan aka tashi, da an rabu lafiya. Amma Farfesa yana tsaye a gefe yana cin rai. Shi ya tace kwali, shi ya san abin da ake ciki, ga shi an tafa wa mai sayar da caja. Ya yi gyaran murya irin ta gaban allo.

"Yallaɓai, da sauran bayani. Rashin rabuwa suna ɗaya ne kawai cikin sunayen lambar nan."

Dillali ya taka masa ƙafa. Tsohon ya janye ƙafarsa ya ci gaba.

"Masana sun kasa lambobi gida uku. Sai ka tara duk ƙananan lambobin da ke raba ta daidai, ban da ita kanta, ka ga abin da suka ba ka. Ɗauki sha biyu: ɗaya, biyu, uku, huɗu da shida suna raba ta. In ka haɗa su, sha shida. Sun fi ta. Wannan ita ce lamba mai yalwa. Ɗauki shida: ɗaya, biyu da uku, shida cif. Wannan cikakkiya ce, kuma irinsu ba su da yawa. Wadda kuwa nata ba su kai ta ba, ita ce mai giɓi."

"Mai yalwa," in ji Mai Bene, yana tauna kalmar. "Tawa ke nan."

"A'a, yallaɓai. Taka mai giɓi ce."

"Mai me?"

"Giɓi. Duk girman nan nata, in ka tara abin da take da shi, ɗaya ne tak. Ai shi ne ma'anar rashin rabuwa. Cikin masu giɓin ma babu wadda ta kai irin taka tsiya."

Ya faɗi haka yana murmushi, yana jiran tafi. Baki shi ke yanka wuya, amma na Farfesa har da na maƙwabta yake haɗawa. Auta ya zame daga kujera yana riƙe da ciki.

"Yaya, ashe tsiya ka rubuta a goshin gidan Baba da jan fenti!"

Mai Bene ya miƙe. Bai yi tsawa ba, wanda hakan ya fi tsawa muni.

"Malam. Ina son lamba mai yalwa, kuma wadda ba ta rabuwa. Ka nemo min."

"Babu ita, yallaɓai."

"Ka duba dai."

"Ba maganar dubawa ba ce. Yalwar daga rabuwa take zuwa. In ba ta rabu ba, me za ka tara? Taura biyu ba ta taunuwa. Ko sarkin duniya ne ya nema, babu."

A rayuwar Mai Bene babu wanda ya taɓa ce masa babu a gaban mutane, balle a gaban Auta. Ya juyo wajen Dillali, kuma Dillali ya karanta abin da ke cikin ƙananan idanun nan: ba gaskiya mutumin ke nema ba, tsani yake nema da zai sauko a kai.

"Akwai, ranka ya daɗe," in ji Dillali.

"Ƙarya ne!" in ji Farfesa.

"Baba, da girmanka. Littattafanku na da ne, tun kafin a ƙirƙiro waya. Yanzu kullum sababbin layuka ake fitarwa, ka duba su duka? Yallaɓai, irin wannan lamba ba a samunta a kwali ɗaya. Sai an bi kwali-kwali, duk wanda ya iso a tace. Aiki ne na mai haƙuri, kuma sai wanda kaya ke biyowa ta hannunsa."

Mai Bene ya dubi Auta, ya dubi jama'a, ya buga tebur.

"To ka ji. Ba za ka motsa daga shagon nan ba sai ka kawo min ita. A gindin matattakalata za ka zauna, ina ganinka safe da yamma. A gaya wa mai kemis ya nemi wani wuri. Wannan tsohon kuma, in na sake ganin ƙafarsa a benen nan, mai gadi ya bi shi."

Dillali ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yanke wa hukunci mai tsanani. "Duk yadda ka ce, yallaɓai."

A ƙasa ya tarar da Farfesa yana naɗe wayoyin kwamfutarsa.

"Ka san ƙarya ka yi," in ji tsohon.

"Baba, tsakaninka da Allah, ka tabbata babu ita? Ko nan da shekara ɗari wani ba zai tono ta ba?"

"Ko nan da tashin duniya. Hujja ce, ba ra'ayi ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Dillali, ya ɗora masa kwamfutar a ka, ya raka shi har bakin titi.

To, in ana batun riba da asara, ga yadda ta kaya. Farfesa ya faɗi gaskiya tsantsarta, ya koma gida wajen matar da ta gaji. Auta ya samu abin ba da labari a kowace tasha, amma kasonsa yana gaban alƙali, wanda bai tambayi lambar wayar kowa ba, kuma ba ya sauri. Mai kemis ya kama wani shago a tsallaken titi. Dillali ne ya ci kasuwar: ya samu zama a kan sharaɗin da ba zai taɓa cika ba, wanda ya fi kowace takardar haya ƙarko. Babban mai asara kuwa bai ma san ya yi ba. Kowace safiya yakan tsaya a gindin matattakala, yana haki, ya ce, "An samu?" Dillali ya miƙe da ladabi ya ce, "An kusa, ranka ya daɗe." Shi kuma ya gyaɗa kai ya hau sama, yana jin daɗin yadda ya ɗaure mutum.